Littafin tatsuniya ko na bayanin dabbobi: wanne za a fara saya wa 'yan firamare?

Wani ɗan'uwa malami da ke koyarwa a firamaren wani ƙauye a ƙasar Ringim ya kawo tambaya. Kwamitin iyaye ya tara musu kuɗin da zai isa littattafai kamar talatin, yaransa kuma ba abin da ke jan hankalinsu irin zancen dabbobi. Da ya leƙa shagunan littattafai a Kano sai ya tarar da iri biyu: na tatsuniya, inda Gizo da Kura da Dila ke magana, da na bayani, masu hotunan dabbobi na gaske da labarin abincinsu da mazauninsu. Yana son sanin wanne ya fi, kuma ga wane aji.

Malam, Allah ya saka da alheri, kai da iyayen da suka yi wannan hoɓɓasa. Shawararmu ita ce ka sayi iri biyun, amma kada ka raba kuɗin daidai. Daga aji ɗaya zuwa uku tatsuniya ce za ta ɗauki kaso mafi yawa, daga aji huɗu kuma na bayani ya fara shigowa da ƙarfi. Dalili shi ne aikinsu ba ɗaya ba ne.

Yaron da bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba, duk ƙarfinsa kan tafi wajen fitar da kalma ɗaya. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Tatsuniya tana rage masa wannan wahala ta hanya biyu. Ta farko, ya riga ya san labarin daga bakin kakarsa ko yayyensa, don haka yana iya hasashen abin da ke tafe, idonsa kawai ke tabbatar masa. Ta biyu, tatsuniyar Hausa a kan maimaici aka gina ta. Dubi gayyar Gizo: ya je wurin Kaza ya gayyace ta noma, ta ce za ta zo in dai ba a gayyaci Muzuru ba. Ya je wurin Muzuru, shi ma ya kafa sharaɗi a kan Kare. Haka abin ke tafiya har kan Kura da Damisa da Zaki. Jimlolin kusan iri ɗaya ne, sunan dabba kawai ke canzawa. Yaron da ya yi ta tuntuɓe a shafi na farko, kafin shafi na huɗu za ka ji muryarsa ta saki, yana karantawa kamar mai magana. Wannan sakin murya shi ake nema a ƙananan azuzuwa, kuma littafin bayani ba ya bayar da shi cikin sauƙi, domin kowane shafi da sababbin kalmominsa, babu kuma zaren labari da zai ja yaro zuwa shafi na gaba.

Inda na bayani ya sha gaban tatsuniya shi ne bayan karatun ya zauna. Yana koya wa yaro karatu don neman amsa: ya duba hoto, ya karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinsa, ya tsinci lamba a cikin jimla, ya kwatanta wannan dabba da waccan. Irin karatun da darasin kimiyya da tambayoyin jarrabawa ke bukata ke nan, kuma ɗalibin da bai saba da shi ba kan sha wuya a ƙaramar sakandare ko da bakinsa na gudu a labari. Akwai kuma yaran da labari ba ya riƙe su sam, galibi irin waɗanda ke fita kiwo da yamma. Ka ba ɗaya daga cikinsu shafi a kan yadda ake gane shekarun akuya ta haƙoranta, za ka ga ya nutsu.

Babbar matsalar na bayani a kasuwarmu ita ce harshe da baƙunta. Mafi yawan waɗanda za ka gani masu sheƙi da kyawawan hotuna da Turanci suke, an buga su don yaran wasu ƙasashe, cike da dabbobin ƙanƙara da na teku. Ɗan aji biyu a ƙauye zai fuskanci baƙin abu biyu a lokaci guda, harshe da dabba, sai ya koma kallon hoto kawai. Kallon hoto ba laifi ba ne, amma ba karatu ba ne, kuma ba don shi iyaye suka tara kuɗi ba. Littafin bayani da zai yi aiki a ajinka shi ne wanda ya fara da akuya da jaki da zabo da balbela, sannan a hankali ya kai ga giwa da ɓauna. Na Turanci a ajiye wa aji biyar da shida, kuma ko su a zaɓa musu mai gajerun jimloli.

Kowanne daga cikin biyun yana da irin ɓarnar da yake yi in aka bar shi shi kaɗai, kuma nan ne ya kamata malami ya fi sa ido. Tatsuniya ta raba wa dabbobi halaye tun da daɗewa: Dila malamin daji, Zaki manyan dawa, Kura kuwa wawuya ce mai kwaɗayi da tsoro. A daji ba haka abin yake ba. Kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ƙwararriya, yawancin abincinta ita ke kamawa, kuma a garkensu mace ce ke jagora, ta ma fi namiji girma. Haka nan camfin da yaro ke tasowa da shi a kan mujiya da tsaka da jemage, tatsuniya ba ta gyara shi, wani lokaci ƙara masa ƙarfi take yi. Littafin bayani ne zai gaya masa mujiya ɓeraye take ci, watau tana taya mai rumbu gadi, tsaka ba ta da dafi kuma ƙwari take farauta a jikin bango, jemage kuwa haihuwa yake yi yana shayarwa, ba ƙwai yake sakawa ba. Muna ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, domin yaran da ke jifan mujiya a yau su ne manoman gobe.

Shi kuma na bayani ɓarnarsa ita ce kuskuren da aka buga da kyakkyawan hoto, yaro ya haddace shi a matsayin ilimi. Za ka iya cin karo da wanda ya ce tozon raƙumi ruwa ne a ciki, alhali kitse ne. Za ka ga an sa hoton babbar kyanwar dajin Indiya mai ratsi-ratsi an rubuta damisa a ƙasa, alhali damisar ƙasarmu ɗige-ɗige gare ta. Kafin ka biya kuɗi, gwada littafin da abin da kowane mai kiwo ya sani. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ƙyanƙyasa, na zabo 26 zuwa 28. Cikin akuya da na tunkiya wata 5 ne, na saniya wata 9, na jaka kimanin shekara guda, na taguwa kusan wata 13. Littafin da ya yi tuntuɓe a kan waɗannan, kada ka amince masa a kan dabbar da ba ka taɓa gani ba.

Maganin ɓarnar biyu shi ne a haɗa su a mako ɗaya. A karanta tatsuniyar Gizo ranar Litinin. Ranar Laraba a karanta shafi a kan gizo-gizo na gaske, a raba allo gida biyu, gefe ɗaya abin da tatsuniya ta ce, ɗaya gefen abin da ido ya gani. A sa yara su ƙirga ƙafafunsa, takwas ne, sannan su ƙirga na fara ko na tururuwa, shida. Daga nan sun fara gane bambancin labarin nishaɗi da bayanin gaskiya, ba tare da an zubar wa tatsuniya mutunci ba. Wannan kuma amsa ce mai kyau ga uban da zai zo ya ce ana koya wa ɗansa ƙarya a makaranta.

Sai batun auna littafi da aji, wanda ya shafi iri biyun, kuma a nan aka fi asarar kuɗi. Na aji ɗaya ya zama jimla ɗaya ko biyu a shafi, kalmomi biyar zuwa goma, shafuka takwas zuwa goma sha biyu, da manyan haruffa da hoton da ke nuna ainihin abin da jimlar ta faɗa. Na aji biyu da uku ya kai kalmomi ashirin zuwa arba'in a shafi. Daga aji huɗu ana iya shiga masu babi-babi da kalmomi ɗari ko fiye a shafi. Amma kada ka dogara da lambar aji kaɗai, domin a makarantu da yawa akwai 'yan aji biyar da karatunsu na aji biyu ne. Ɗauki hoton shafi biyu da wayarka, ka gwada da yara uku, gwani da matsakaici da mai rauni. In matsakaicin ya maƙale a kalmomi biyar a shafi ɗaya, littafin ya fi ƙarfin ajin. Duba kuma haruffa masu lanƙwasa. Littafin da aka buga ɓera da ƙuda da ɗan akuya ba tare da ɓ da ƙ da ɗ ba, bai dace da mai koyo ba, zai rushe abin da kake ginawa a allo.

Mutane da yawa in an ce littafin Hausa mai dabbobi sai su ambaci Magana Jari Ce na Abubakar Imam, saboda akun nan mai ba da labari. Littafi ne mai daraja, amma jimlolinsa dogaye ne, rubutunsa ƙanana, Hausarsa kuma mai zurfi. Kwafi ɗaya ya isa, malami ya riƙa karanta wa manyan azuzuwa da baki. Ba shi ne littafin da ɗan aji biyu zai koyi karatu da shi ba.

Ko wane iri ka ɗauka, karanta shi daga bango zuwa bango kafin ya shiga hannun yara. Wasu tatsuniyoyin an rubuta su ne yadda manya ke faɗa, da zagi ko zancen da bai dace da aji ba. Wasu littattafan waje kuma alade ne jarumin labarin, abin da zai iya sa iyaye su juya wa shirin baya gaba ɗaya tun a makon farko.

Game da talatin ɗin nan, ga yadda za mu raba. Kada ka sayi littafi talatin daban-daban, kada kuma ka sayi guda ɗaya kwafi talatin. Ɗauki tatsuniya shida, kowace kwafi uku, goma sha takwas ke nan. Sai na bayani huɗu, kowane kwafi uku, goma sha biyu. Da kwafi uku, yara tara zuwa goma sha biyu za su iya karanta abu ɗaya a lokaci guda, uku ko huɗu a kan littafi, sannan su tattauna. In ɗaya ya yage ko ya ɓace, darasin bai mutu ba.

Wataƙila ka rasa na bayani huɗu masu kyau da Hausa. In haka ta faru, kada ka cike gurbin da na Turancin da ba za a karanta ba. Sayi takarda da alƙaluman launi ku yi naku. Farar takarda huɗu in an ninke su biyu suna ba da shafi goma sha shida. A yi bango da kwali, a huda wuri uku a tsakiyar ninkin, a ɗinke da zare mai ƙarfi. Kada a yi amfani da ƙarfen maƙala takarda, yana tsatsa da damina ya cinye wurin. Abin rubutawa kuwa yana ƙofar makaranta. Ga shamuwa, wadda ke zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, ta ci fara da tsutsotsi a gonaki, sannan ta koma kudancin Afirka da gabashinta in ruwa ya ɗauke. Ga balbela da dalilin da ya sa take bin shanu, watau ƙwarin da ƙafafunsu ke tayarwa daga ciyawa. Ga raƙuman kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ga tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su sauka a dausayin Baturiya da hunturu. 'Yan aji shida su yi zane, su tambayi iyayensu da makiyaya, malamin dabbobi na yankinku ya duba lambobin kafin a rubuta da tawada. Ta ɓangaren labarai kuma, shafin African Storybook na intanet yana da na Hausa da ake saukewa kyauta a buga, sai dai a tace, domin wasu fassara ce da ba ta zauna ba.

Wajen ƙarko, masu sheƙin nan da aka manne da gam su ne ke fara zubar da shafuka, zafi da bushewar hunturu kan fasa gam ɗin. Wanda aka ɗinke ya fi daɗewa ko da takardarsa ba ta kai kyau ba. Ka sa wa kowane littafi rigar leda, ka bi gadon bayansa da salatif mai faɗi tun yana sabo. A ajiye su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo nesa da bango saboda gara da danshi, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, a riƙa buɗewa ana shanya su lokaci-lokaci da damina. Aro zuwa gida ya fara daga aji huɗu, a rubuta suna da rana a littafin rajista, a karɓa bayan kwana biyu ko uku.

In kuma kuɗin ya gaza, ya zama goma kawai za a iya saya, to a sayi tatsuniya uku na matakin aji ɗaya da biyu, kowace kwafi uku, na goman ya zama na bayani guda mai manyan hotuna wanda malami zai ɗaga wa aji duka. Sauran na bayanin ku ɗinka da hannunku kafin a sake tara wani kuɗin.