Compiler Explorer: sharhi bayan gwada mazubin tamfilet na C++

Ga mai rubuta ajin mazubi na kansa a harshen C++ da tamfilet (template, wato tsari ɗaya da ke aiki da nau'o'in bayani daban-daban), irin `Mazubi<T>` da ke karɓar kowane nau'in bayani kamar yadda `std::vector` ke yi, ban ga wurin gwaji da ya kai Compiler Explorer sauƙi ba. Matt Godbolt ne ya fara shi a 2012. Kyauta ne, kuma cikin burauza yake aiki.

Babban amfaninsa shi ne ka jera GCC, Clang da MSVC, wato kwamfailoli (compilers) masu fassara abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, a shafi ɗaya, ka ga abin da kowace za ta ce game da lamba (code) guda. Amma kada shirun kwamfaila ya ruɗe ka. Aikin (function) da ba a kira ba cikin tamfilet, ba ta gama duba shi. Rubuta `template class Mazubi<int>;` da `template class Mazubi<std::string>;` a ƙasa, sai ta haɗa komai, kurakuran da suka laɓe su fito fili. Ban da `std::unique_ptr`, domin wannan layin zai tilasta haɗa maginin kwafi (copy constructor, aikin da ke kwafin mazubin), shi kuwa `std::unique_ptr` ba ya kwafuwa. A nan ka ƙirƙiri mazubin cikin `main`, ka zuba da `std::move`.

Gwada kuma nau'in da magininsa ke neman a ba shi ƙima. Idan da `new T[n]` ka ware wuri, nan take lambar za ta ƙi haɗuwa. Maganin shi ne `std::allocator` tare da `std::construct_at`, ƙarƙashin `-std=c++20`.

Inda ya fi birge ni shi ne kunna gudanar da lambar tare da `-fsanitize=address -g`, zaɓin da ke kama kurakuran amfani da ma'adana (memory). Kwafi mazubin da ke da marushi (destructor, aikin da ke sakin wurin da aka ware) amma ba maginin kwafi: manuni (pointer) biyu na kallon wuri ɗaya, kowanne zai sake shi, sai rahoton ya nuna maka layin da aka saki wurin sau biyu.

Aibinsa kuwa ba ƙarami ba ne ga mai koyo. A yanayinsa na farko komai cikin fayil ɗaya yake, don haka ba za ka gamu da kuskuren `undefined reference` ba, wanda ke jiran duk wanda ya kai jikin ayyukan tamfilet cikin `.cpp` ya bar sunayensu kawai a `.h`. Akwai yanayin fayiloli da yawa mai amfani da CMake (manhajar tsara haɗa fayiloli), sai dai ka neme shi da kanka. Kuma lambarka sabar wasu take zuwa, saboda haka kada ka liƙa ta wurin aiki sai da izini.