Filotin awon igiya a ƙauyukan gefen Kano: me mai saye yake samu da kuɗinsa?

Duk hanyar da mutum ya bi ya fita daga Kano, ta Zariya, ta Gwarzo, ta Katsina ko ta Haɗeja, abu ɗaya zai gani: gonakin gero da dawa da aka kakkafa wa turaku, ga ɗan bulo jeri biyu a kusurwa, ga ɗorawa tsaye ita kaɗai tana jiran gatari. Aikin 'yan awon igiya ke nan, dillalan da ke sayen gona sukutum, su yanka ta filoti-filoti, su sayar, sau da yawa a biya kaɗan-kaɗan.

A ba su haƙƙinsu tukuna. Filotin awon gwamnati kaɗan ne, ba kuma kowa ke da hanyar samunsa ba. Ɗan kasuwar Dawanau ko leburan kamfani a Sharaɗa da haya ta ishe shi, wurin dillali kaɗai zai je da kafin alƙalami yau a nuna masa fili gobe. Takardar ciniki, shaidu, sa hannun mai unguwa, magana ta ƙare. Wajen sauri da sauƙi babu mai kamo su.

Amma arahar daga ina take fitowa? Ga lissafin. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Filoti mai ƙafa 50 da 50 kuwa 2,500 ne. In aka bar titi mai faɗin ƙafa 30 tsakanin layuka, eka za ta ba da filoti 12 ko 13. In aka matse titin ya koma ƙafa 12, sai ta ba da 15. Waɗannan biyu ko ukun da aka tsinta daga jikin titi, nan ribar take. Shi ya sa lungun awon igiya yake da kyau ran nan da ake nuna fili, lokacin babu gini ko ɗaya. Bari kowa ya gina, wannan ya fitar da dakali, wancan ya haƙa shadda a ƙofar gida, sai tifar yashi ta kasa shiga, balle motar kashe gobara. Filin makaranta, asibiti da maƙabarta kuwa ba sa cikin lissafin tun asali. Masallaci ne kawai akan ware wa kusurwa.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi komai cin mutane. Da rani ake yawan kai mai saye ganin fili, ƙasa a bushe, ko'ina daidai yake. A koma a duba a watan Agusta. In ƙasar baƙa ce mai tsagewa, ko maƙwabta suna shinkafa da rake a gefe, to fadama ce, harsashin gini zai ci ciko mai yawa, danshi kuma ya riƙa hawa bango yana zubar da filasta. Haka tsohon kududdufin da aka cike da shara: ƙasar takan zauna daga baya, katanga ta tsage.

Rigimar takarda kuma yawanci daga gado take tasowa. Gonar magada bakwai, babban wa ya sayar shi kaɗai, bayan shekara biyu ƙanwar da ke aure a wani gari ta kai ƙara kotu. Kafin a biya, a tambayi dagaci ko an raba gadon, kowane magaji ya sa hannu, a kira maƙwabtan gona huɗu su nuna iyaka da kansu. A auna fili da tef a gaban mai saye, don igiya tana miƙewa, a kuma kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu ranar. Sannan a sani cewa dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Tafiya ɗaya zuwa KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a tambaya ko wurin yana cikin filin da gwamnati ta tsara, ko kan hanyar da za a fitar, ta fi duk rantsuwar dillali. Filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko a kyauta kada a karɓa.

Abin lura shi ne wannan sana'a ba ta ci ko'ina daidai. A Kumbotso da Ungogo ta riga ta cinye gonaki, yanzu ta tsallaka Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa. Dalilin a fili yake: ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ba dutse ba kwari, gonakin ƙanana ne saboda rabon gado, mutanenmu kuma ba sa son zaman bene, kowa yana son tsakar gidansa da zaurensa. Babur da A-daidaita-sahu sun sa mutum ya kwana a ƙauye ya yi sammakon Kantin Kwari. Ga faɗuwar darajar naira, mai 'yan kuɗi ya gwammace ya binne su a fili, ya kewaye ya tafi. Shi ya sa gari ke yin tsalle, gida ɗaya nan, kango goma can.

A Jigawa abin ya fi lafawa. Dutse ta zama babban birnin jiha ne a 1991, faɗaɗarta kuma ma'aikatan gwamnati da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 ne suka fi ja, ga duwatsun da ke tare ta ta wani ɓangare. A yankin Haɗeja da Auyo kuwa ambaliya ce ke shata iyaka, don haka tudu ke tsada, fadama kuma ta fi riba a noma.

Hukuncinmu: ga mai neman inda zai sa haƙarƙarinsa, awon igiya yana biyan buƙata in titin gaban fili ya kai ƙafa 25 zuwa 30, ƙasar tudu ce ba fadama ba, magada kuma duk sun sa hannu. Sai dai a ƙara a kan farashin kuɗin rijiyar burtsatse ko na 'yan garuwa, karo-karon taransifoma da turakun wuta, da kuɗin mota kullum zuwa cikin gari. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a taka gonar.