Sharhina kan dillalin da ya kama min gida a Istanbul

Tun da na dawo Maraɗi mutane ke tare ni a babbar kasuwa suna tambayata wai in ba su lambar dillalin da ya samo min gidan haya a Turkiya, to gara in faɗi abin da na gani sau guda kowa shi ji, don wallahi ba zan iya tura ɗan uwana musulmi inda ni na ƙone hannu ba.

Ni sana'ata kayan mata, abaya da dogayen riguna, ina saro su a unguwannin Laleli da Merter na Istanbul in turo ta kago. Da can otal nike sauka a Aksaray, kwana goma in juyo. A watan Oktoba na 2023 na ce bari in kama gida na shekara in nemi takardar zama, wadda su ke ce ma ikamet, don kuɗin otal ya ishe ni kuma ina so in riƙa tsayawa kan ɗinkin kayana da kaina. Wani yaro ɗan wajenmu da ke tafinta a can shi ya haɗa ni da ofishin dillalan, su emlak suke ce musu.

Gaskiya abin da anka yi daidai sai in faɗa. Mutumin bai ɓata min lokaci ba, cikin kwana biyu ya nuna min gida huɗu da motarshi, ya kuma yi min bayanin wannan lissafi nasu na 2+1, ma'ana ɗaki biyu da falo ɗaya, ni da na zata ɗaki uku ne. Kuma ba ƙaramin aiki ba ne samo mai gidan da zai yarda da baƙo, balle baƙar fata, don da na shiga Sahibinden, shafin intanet da ake tallan gidaje, da kaina na buga waya ta fi goma, da sun ji kalmar yabanji, wato baƙo, sai a ce an riga an bada. Gidan da na zaɓa a Bagjilar yake, hawa na ukku, da kujeru da firiji da injin wanki, lira dubu 15 a wata, a lokacin ya haura jika ɗari ukku na sefa. Kuɗin da a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi zai kama maka gida mai fili har da wurin ɗaure rago.

Ranar sa hannu na biya wata ɗaya na haya, wata biyu na kwasiyo, wato kuɗin ajiya, wata ɗaya ladar dillali, sannan munka tahi wajen notar anka buga hatimi a kwantira, shi ma da kuɗinshi har da na tafintan da ya yi rantsuwa. Nan ban da ƙorafi sosai, dokarsu ta ce kwasiyo kada ta wuce hayar wata ukku, bai wuce ba. Akwai abokina da anka ce sai ya zube wata shidda gaba ɗaya don kawai shi baƙo ne.

Inda mutumin ya cuce ni shi ne maganar unguwa. Ashe tun 2021 gwamnatin Turkiya ta rufe Fatih da Esenyurt ga sabbin baƙi masu neman takardar zama, a 2022 kuma anka ƙara wasu gundumomi takwas na Istanbul, Bagjilar na ciki, ban da unguwanni 1,169 da anka rufe a faɗin ƙasar saboda yawan baƙi ya wuce kashi 20 cikin ɗari na mazauna. Wato kana iya kama gidan, ka biya, ka kwana ciki, amma ba za a rubuta ka a wannan adireshi ba, in kuwa babu adireshi babu ikamet. Kuma na gaya mishi tun ranar farko da bakina ta bakin tafinta cewa don takarda nike son gidan. Ya ce "problem yok, abi", ba matsala. Mutumin da aikinshi kenan kullum ba zai ce min bai sani ba.

Ban manta ranar da na gane ba. Ina zaune gaban wata mata mai cike ma mutane takardu, ta karɓi kwantirar ta dubi adireshin, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta turo min ita da yatsa biyu bisa tebur tana girgiza kai. Yaron tafinta ya ce "Alhaji, wai unguwar a rufe take." Na ce kamar yaya a rufe, ni da na baro mutane suna shiga suna fita? Sai da ya yi min dalla-dalla. Saura kwana goma sha ɗaya bizata ta ƙare, na ji zufa ta keto min cikin wancan sanyin.

Na koma ofishin sau ukku. Na farko anka ba ni shayi cikin ɗan kofin nan nasu mai ƙugu anka ce a yi haƙuri, na biyu anka ce ya fita, na ukku ya ce shi gida ya samo min ba takarda ba, ladarshi kuma ba ta dawowa. Mai gidan dattijo ne, shi ya fi tausayi, ya riƙe wata ɗaya cikin kwasiyo ya maido min ɗaya, Allah shi saka mishi. Lada da kuɗin notar dai sun tahi.

Gida na biyu a Kartal na same shi, ɓangaren Asiya, ta hannun wani dillalin daban wanda kafin ma mu je kallo sai da ya buɗe jerin unguwannin da anka rufe a shafin hukumar shige da fice ya nuna min a wayarshi. Da nisa kam, kullum sai na hau jirgin Marmaray ya ratsa da ni ta ƙarƙashin teku zuwa Yenikapi sannan in taka zuwa Laleli, amma can takardata ta fito. Can ne kuma na koyi sauran abubuwan da na farkon bai taɓa ambata min ba, kamar aidat, kuɗin da kowane mai ɗaki ke biya duk wata na shara da lif da gyaran bene, ba ya cikin haya. Da lambar inshorar girgizar ƙasa, DASK, wadda sai mai gida ya ba ka ita kafin a buɗe maka kuran da ruwa da sunanka. Sai gas na ɗumama ɗaki, mu da munka saba da hunturun Maraɗi na bargo ɗaya da kaskon wuta, na bar na'urar a kunne dare da rana cikin Janairu, da takardar biya ta zo sai da na zauna.

In maki ake so, na farkon ina ba shi biyu cikin biyar, biyun ma don motar da ya zagaya da ni da kuma gidan da ba shi da aibi. Lambarshi na goge ta tun a filin jirgi. Ta na biyun tana nan wurina, wanda ke so shi same ni a shago bayan la'asar, amma shi zo da sunan unguwar da yake so mu duba ta tare tukuna.