Igiyoyin sauti uku daga Katako, da kukan sauro a motata

Wata huɗu ke nan da na sayi igiyoyin haɗa sauti guda uku a kasuwar Katako, nan Yamai. Na gwada su a ɗaki, na gwada su a kan hanya, yanzu na isa in faɗi wadda ta ci kuɗinta da wadda ta ci nawa.

A gida akwai tsohon ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da mahaifina ya bari, da manyan sifiku biyu na katako waɗanda har yau ba su gaji ba. Bayan ampilin babu inda wayar hannu za ta shiga, sai ramukan nan ja da fari da masu gyara ke kira RCA. Motata kuma tsohuwar Corolla ce, rediyonta ba ta san Bluetooth ba, ɗan ramin AUX na shigar da sauti daga waje kawai gare ta. Ina yawan zuwa Tahoua ganin tsohuwa, tafiyar da ta haura kilomita 500, kuma tun kafin ka kai Dosso tashoshin FM na Yamai sun ɓace. Tafsirin da nake son ji yana cikin wayata, shi ya sa na shiga neman igiya.

Ta gida ita ce mai sauƙin labari: kai ɗaya siriri na milimita 3.5 a gefe guda, kawuna biyu a ɗaya gefen, ja na dama, fari na hagu. Ranar farko na kusa zagin mai shago, don sautin ya fito a shaƙe, sifiku sai gurnani suke. Ashe laifina ne. Na soka ta a ramin da aka rubuta PHONO, wanda na faifan garmaho ne. Allurar garmaho sautinta rarrauna ne ƙwarai, sai ampili ya ninka shi sau da yawa, ya kuma ƙara masa kauri. Ka zuba masa sautin waya mai ƙarfinsa, dole ya yi amai. Da na mayar da ita ramin TAPE, murya ta fito tas, har uwargida ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar ko sabuwar rediyo na sayo. Jika ɗaya na ba da, ban yi nadama ba.

Ta biyu ce ta ɓata min rai. Sabuwar wayata ba ta da ramin abin kunne. Tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanonin suka bi sahu, sai a bar ka da ramin caji na USB-C. Na sayi ƴar guntuwar igiya mai mayar da shi ramin sauti, dala ɗari. Yaron shagon ya ce min, "Alhaji, duk ɗaya ne, ɗauki wannan." Ba ɗaya ba ne. A ido kamar tagwaye suke, amma wata tana da ƙaramar na'ura a cikin kanta mai juya lambobin waya su zama sauti, ana ce mata DAC, wata kuwa zallar waya ce a cikin roba. Maras na'urar ba ta aiki sai da wayar da ita kanta ke iya turo sauti ta ramin caji, tawa kuwa ba ta cikinsu. Na koma washegari, kuɗi dai ba su dawo ba, sai ciko na yi aka ba ni mai na'urar. Wannan karon a gabansa na soka, na ji da kunnena kafin in sa hannu a aljihu.

Sai ta mota, wadda ta fi ba ni wahala alhali ba ta da laifi. Daga Yamai har Dogon Dutsi lafiya lau. Batirin tsohuwar wayata mai ramin abin kunne ya yi ƙasa, na sa caja a ramin kunna sigari, nan take wani siririn kuka ya shigo cikin karatun, kamar sauro a kunne. In na taka totur ya ƙara tsini, in na saki ya sauka. Haka na sha shi har Ƙonni, daga nan na haƙura na kashe. A Tahoua wani dattijo mai gyaran wutar mota ya saurara bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Zare cajar, ɗana." Na zare, shiru. Bayaninsa shi ne wayar ta haɗu da jikin motar ta hanya biyu, ta caja da ta AUX, to hayaniyar injin da ke cajin batir sai ta samu ƙofar zagayawa ta faɗo cikin sauti. Ko ka sayi igiyar zinariya kukan yana nan. Maganinsa wani ɗan akwati ne kamar na ashana, mai ƙananan taransifoma biyu a ciki, da ake sawa tsakanin igiyar da rediyo. Tun da na sa shi sauron ya mutu. A kunnena kaurin ganga ya ɗan ragu, amma ga mai sauraren tafsiri wannan ba asara ba ce.

Dattijon ya kuma nuna min zobban baƙi da ke kan bakin igiya. Mai zobe biyu ita ce ta AUX. Mai uku tana da layin makirfo, kuma a wasu rediyoyin ba ta zama daidai, sai ka ji gefe guda ya ɗauke. In kuwa sauti na yankewa lokacin hunturu, a fara duba ƙura a ramin kafin a zargi igiya. Da tsinken sakace na ciro abin da ya ba ni kunya.

Aibin igiyar motar ɗaya ne: kanta miƙaƙƙe ne, ya fito waje sosai, hannu na bugunsa duk sanda zan sa giya, har robar wuyanta ta fara tsagewa. Na naɗe ta da salatif tana ta aiki. In ta ƙarasa, mai lanƙwasasshen kai zan nema.