Hattara da masu tallar eriyar Yagi "mai dBi 18" a intanet

'Yan uwa masu rediyon sha'awa, musamman waɗanda suka karɓi lasisi kwanan nan, a yi hattara da wata talla da ke yawo a zaurukan Facebook da kasuwannin intanet. Za ku ga hoton ƙaramar eriyar Yagi, wato mai sanduna a jere da ke tattara sigina zuwa gefe ɗaya, sandar tsakiyarta ba ta kai mita ɗaya ba, an rubuta mata ƙarfin dBi 18 ko 20 (dBi ma'aunin ƙarfin eriya ne), an ce SWR ɗinta, wato awon wutar da ke komowa rediyo daga eriya (1 ne mafi kyau), 1.1 ne tun daga MHz 130 har 470, kuma wai ba ta ɗauko komai ta baya. Duk wanda ya ɗora waɗannan alkawura uku a kan ƙarfe ɗaya, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai, yana fatan ku ne ba ku sani ba.

Eriya ba ta ƙara wa rediyo wuta ko kaɗan. Aikinta irin na madubin tocila ne, hasken da ta ƙara a gaba daga gefe da baya ta tattaro shi. Tun da Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da wannan tsari a jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, abin da ke yanke iyakar ƙarfinta shi ne tsawon sandar tsakiya idan aka gwada shi da tsawon zango. Cusa ƙarin sanduna a gajeren wuri ba ya haifar da wani abin kirki. A 1976 hukumar awo ta Amurka, NBS, ta buga gwaje-gwajen Peter Viezbicke: Yagi mai sanduna 3 a kan sandar tsakiya mai tsawon zango 0.4 ta ba da dBd 7.1 (dBd ƙarfi ne idan aka gwada da dayfol, miƙaƙƙiyar eriyar waya; a ƙara 2.15 a samu dBi), mai sanduna 15 a kan tsawon zango 4.2 ta ba da dBd 14.2. A zangon mita 2, wannan ta biyun ta doshi mita 9 a tsawo, kuma ƙarfinta ɗan sama da dBi 16 ne. Zane-zanen kwamfuta na yau sun ɗan fi haka, amma kaɗan. To ta yaya abin da ake naɗewa a kwali mai tsawon hannu zai kai 18?

Dabarar da suke yi da lambobi ba ta da wuyar ganewa. Wani ya rubuta "dB" kawai, bai ce dBi ko dBd ba, alhali 2.15 ne tsakaninsu. Wani ya haɗa da ribar da ƙasa ke bayarwa idan sigina ya dawo daga gare ta, wadda kan kai kusan dB 6, ya nuna kamar gwanintar eriyarsa ce, alhali wayar dayfol ma da ka ɗaura a tsayi ɗaya za ta samu wannan.

Wanda ya taɓa daidaita Yagi da hannunsa ya san ba a cin riba ta ko'ina. Ka matsa mata don ta ba da iyakar ƙarfinta a gaba, sai turjiyarta a mahaɗar waya ta faɗo ƙasa da om 50 sosai, faɗin zangon da take aiki lafiya ya tsuke, toshewar baya kuma ta ragu. Ka nemi toshewar baya mai kyau da sauƙin haɗi, kamar yadda eriyar Moxon ke yi, sai ka haƙura da wani ɓangare na ƙarfi. Akwai eriya mai faɗin zango ta gaskiya, wato log-firiyodik, amma masu ƙera ta na kirki ba sa ɓoye cewa ƙarfinta matsakaici ne idan aka dubi girmanta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasan da ake yi da SWR, domin shi ne kaɗai abin da sabon shiga ke iya aunawa, kuma da shi ake kwantar masa da hankali. Rizistar gwaji ta om 50, wadda muke ɗaura wa rediyo a madadin eriya, tana nuna SWR 1:1 a kowane zango, kuma ba ta kai murya ko'ina. Saboda haka mai ha'inci yakan ɓoye rizista a cikin akwatin mahaɗa ya cike shi da roba, ko ya haɗa kayan da doguwar siririyar kebul mai shanye sigina, wadda ke ɓoye abin da ke dawowa. Allon na'ura ya yi kyau, wutarka kuwa tana zama zafi a cikin akwati. Eriyar da ta daidaita da zangonta da gaske tana da rami a layin awonta: SWR ya sauka a wuri ɗaya, ya hau a gefe biyu. Ka duba da NanoVNA, ƙaramar na'urar da ke zana layin SWR. Ka kusanto da hannunka ga sandar da ke karɓar wuta, ya kamata layin ya motsa. Idan ya miƙe sumul bai girgiza ba, ko mitar awon turjiya ta nuna maka wajen om 50 tsakanin tsakiyar mahaɗa da jikinta, akwai lauje cikin naɗi.

Akwai kuma waɗanda ba su da kayan ma sam. Su ɗauki hoton wani, su ari lambar kiran wani daga QRZ.com, shafin da ke jera masu rediyon sha'awa da lambobin kiransu, su ce kayan mamaci ne iyalinsa ke son rabuwa da su da gaggawa, a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. A nemi sabon hoto da takarda a jikin eriyar, ɗauke da lambar kira da kwanan wata da rubutun hannu, sannan a tuntuɓi mai lambar ta adireshin da ke shafinsa.

Mujallar QST ta ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta daɗe ba ta karɓar tallar eriya mai iƙirarin ƙarfi ba tare da hujja ba, mu ma haka ya kamata mu yi. Kafin ka biya, ka nemi tsawon kowace sanda, kaurinta da tazarar da ke tsakaninsu, ka zuba su a manhajar gwajin eriya ta 4nec2 ko EZNEC, duka kyauta ne, ka ga abin da za su bayar a sarari ba tare da ƙasa ba. Idan ya ce sirrin kamfani ne, ka riƙe kuɗinka, kuma ka sanar da masu kula da zauren su cire tallar.