Daga Dammam zuwa Makka ta ƙasa: abin da na gani a tsarin wani kamfanin Kano

Tun da hukumomin Saudiyya suka ba masu bizar Umara damar zagaya ƙasar a 2022, wasu kamfanonin tafiye-tafiye suka fara fito da tsarin da ya bambanta da wanda muka saba, wato sauka a Jidda ko Madina kai tsaye. Wanda na bi na wani kamfani ne da ke cikin birnin Kano. Jirgin sama yana sauke ayari a Dammam, bakin tekun gabas, daga nan a ratsa ƙasar zuwa yamma ta jirgin ƙasa da mota tare da ɗan jagora, har a kai Makka. Kuɗinsa ya ɗara na Umarar da aka sani, kuma a ganina ƙarin ya cancanta, amma saboda dalili guda: mutumin da suka haɗa mu da shi.

Zangon farko shi ne layin dogon Dammam zuwa Riyad, wanda aka fara buɗewa a 1951, a yau kuma layinsa na fasinja yake da tsawon kusan kilomita 450, tafiyar awa huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Jirgin yana tsayawa a Hufuf, tsakiyar dausayin Ahsa mai itatuwan dabino fiye da miliyan biyu, sannan ya kutsa cikin jan rairayin Dahna. Taragon yana da sanyi da tsabta, kujeru kuma na lamba ne, babu turereniya. Wanda bai taɓa ganin sahara ba sai daga tagar jirgin sama zai yi mamakin yadda launinta ke sauyawa daga fari zuwa ja.

A Riyad ne na fara gane amfanin jagoran, wani Bakano da ya yi karatu a Madina kuma yake jin Larabcin kasuwa da na ofis. Birnin yana da tashoshin jirgin ƙasa biyu masu nisa da juna: wadda jirgin Dammam ke sauka daban, ta layin arewa mai zuwa Kasim da Ha'il daban, can wajen hanyar filin jirgin sama. Baƙon da bai san haka ba zai iya zama a tashar da ba tasa ba har jirginsa ya tashi. Jagoran ya riga ya sayi tikitocin kowa, ya jera su bisa lambar fasfo, ya kuma tanadi motar da za ta kai mu tun da sauran lokaci. Daga Riyad zuwa Kasim babu abin cewa sai alheri, kuma an ba mu damar shiga kasuwar dabino ta Buraida, babban birnin Kasim, inda ake samun dabinon sukkari a farashin da ya fi na shagunan kusa da Harami sauƙi.

Rauni yana zangon mota. Babu layin dogo tsakanin Kasim da Madina, don haka dole a hau bas a yi tafiyar fiye da kilomita 400. Titin kansa lafiyayye ne, amma kamfanin ya ba da wannan ɓangare ga wani ɗan kwangila, motar ta makara sosai, na'urar sanyaya ta kuma gaza a kujerun baya da rana tsaka. Wurin da direba ya zaɓa don hutawa ba shi da banɗakin da ya dace da mata, alhali akwai tsofaffi a cikinmu. Na ga jagoran ya tashi daga kujerarsa ta gaba ya ce da wata dattijuwa, "Hajiya Baba, dawo nan ki zauna, iskar ta fi zuwa," shi kuma ya koma baya cikin zafin. Ya kyauta ƙwarai, sai dai bai kamata kirkin ma'aikaci ya zama shi ne ke toshe ɓarakar da kamfani ya bari ba, musamman ga mutanen da suka biya kuɗin da ba kaɗan ba.

Zangon ƙarshe shi ne jirgin Haramain mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ya fara aiki a 2018 kuma yake haɗa Madina da Makka ta Rabig da Jidda cikin kamar awa biyu da rabi. Abubuwa biyu suna kama mutanenmu a nan. Na farko kaya ne, domin jaka babba ɗaya ake yarda da ita, kada ta wuce kilo 25, mu kuwa an san mu da tsaraba. Tun da daddare jagoran ya bi ɗaki-ɗaki da ma'auni, ya ware abin da ya yi yawa aka aika ta mota. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, mikati ne. Jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, mikatin masu tasowa daga Madina, kuma yana wuce saitinta jim kaɗan bayan tashi, don haka wanda ya shiga da kaftaninsa da nufin sauyawa a hanya ya shiga matsala. An sa mu yi wanka mu ɗaura harami tun a masauki, an kai mu masallacin mikati muka yi niyya a tsanake, sannan aka wuce tasha.

Wannan tsari ya dace da mai lafiya da ke son ganin ƙasar, ba na kuma ba da shawararsa ga mai ciwon gwiwa ko mai tafiya da ƙananan yara a watannin zafi. Duk wanda zai biya ya nemi a rubuta masa jadawalin tafiyar, da irin motar da za a hau daga Kasim, da wuraren tsayawa, da kuma tabbacin cewa motar da za ta ɗauki ayari daga tashar Makka da ke Rusaifa zuwa otal tana cikin kuɗin. Ga kamfanin kuwa, roƙona shi ne ya ƙara mace cikin masu jagora, domin akwai tambayoyin harami da tsarki da Hajiyoyinmu suka ji nauyin yi wa namiji.