Hattara da masu sayar da babur ɗin daji da cewa "fulogi ne kawai"

'Yan uwa masu sha'awar babur ɗin hawa tudu da rairayi, akwai wata damfara da ta zama ruwan dare a tallan intanet. Za ka ga an sa hoton Yamaha YZ250 ko Honda CR250R an wanke shi fes, a rubuta cewa ba ya tashi amma fulogi kawai yake so, ko kafireta ce ta toshe saboda ajiya. Sai a karya farashi don ka yi rawar jiki.

Ka tambayi mai shi: in dai fulogi ne, me ya hana ka canja ka sayar da shi yana tashi? Aikin minti biyar ne. Galibi abin da ake ɓoyewa a cikin injin yake. Irin wannan inji na tu-sturok ba ya da tafkin baƙin mai a ƙarƙashinsa, man da ake gauraya wa fetur, kamar kashi 32 na fetur da kashi 1 na mai, shi ke shafa fistin da bayarin. Wanda ya yi rowar mai, ko ya bar matatar iska ta yage ƙura ta shiga, ya riga ya cinye fistin da ringi, wani lokaci har da bulo. CR250R kuwa tun 2007 Honda ta daina ƙera shi, ka ga ko wanne aka kawo maka ya sha duniya.

Kada ka ba da ko sisi sai ka je da makanikenka. A cire fulogi a ɗora shi jikin injin a buga kik, a ga ko akwai wuta shuɗiya. A duba bakin fulogin. In da burbushin ƙarfe a jiki, magana ta ƙare. Sannan a ɗaura ma'aunin matsi, a buɗe totur gaba ɗaya a yi ta bugawa. Injin da matsinsa ya gaza psi 100 a ma'aunin ba lafiyayye ba ne, kik ɗin ma za ka ji ya yi laushi a ƙafa. Wanda ya fi tona asiri shi ne kwance salansa a haska tocila ta ƙofar hayaƙi. Fistin na nan a fili, in ya karce za ka ga zane-zane a tsaye. A nan ne masu ha'inci suke fara cewa suna sauri, ko wai wani na hanya da kuɗi a hannu.

Wasu kuma sukan ɗumama injin kafin ka iso, ko su fesa masa feshin tayar da inji a ɓoye, ya yi ƙara na ɗan lokaci ka ɗauka lafiya lau. Taɓa bulo da hannu tun da farko, ka ce a sanyaye kake son ganin tashinsa.

Mai neman ka tura kafin alƙalami alhali ba ka ga babur ɗin ido da ido ba, wannan ko amsa kada ka ba shi.